Wasiƙa ga Edita: Tsuntsun Aljanna Ɗan Kurminsa Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu domin in tofa albarkacin bakina a kan wani tsuntsu da bidiyonsa ya cika wayoyin jama'a a nan Garwa, da Marwa, har zuwa Kusseri da Injamena, wato wanda ake kira tsuntsun aljanna. Duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp ya ga baƙin tsuntsun nan da ke buɗe gashin bayan wuyansa ya rikiɗe ya zama wata baƙar da'ira mai shuɗin zane a tsakiya, yana tsalle yana kewaya wata 'yar tsuntsuwa mai launin ƙasa. Jama'a sun kasu uku a kansa. Matasa da yawa sun ce ƙarya ce, haɗin kwamfuta ne irin wanda ya yi yawa a yanzu. Wasu sun ce daga aljanna aka sauko da shi, ba shi da ƙafa, ba ya cin komai sai raɓa, har suna ɗora wa wanda ya gani nauyin ya tura wa mutum goma, ko da yake ga ƙafafun nan a fili yana tsalle da su. Kashi na uku masu hannu da shuni ne, waɗanda gardamar ba ta dame su ba, su dai a gaya musu inda ake sayar da shi su ajiye a gida kusa da ɗawisu. A ganina abu guda ne ya kuɓuce wa dukkansu: sun kalli tsuntsun ba tare da kurminsa ba, alhali kuwa ba a gane adonsa da rawarsa sai an san inda yake zaune da abin da yake ci.

Da farko dai tsuntsun gaskiya ne, mai jini da tsoka, kuma ba iri guda ba ne. Masana sun ƙidaya kusan iri 45 a wannan dangi, mafi yawansu a tsibirin Niyu Gini, wanda bai kamata a rikita shi da Gini ta Konakiri ko Gini ta Malabo maƙwabciyarmu ba. Tsibiri ne da ke arewa da Ostireliya, shi ne na biyu wajen girma a duniya, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 785,000, wato ya ninka Kamaru sau ɗaya da rabi har da ɗoriya. Rabinsa na yamma yana cikin Indunusiya, na gabas kuwa ƙasa ce mai cin gashin kanta, Papuwa Niyu Gini, wadda ta sami mulkin kai a 1975 kuma hoton ɗaya daga cikin waɗannan tsuntsaye ne a tutarta. Kaɗan daga cikin dangin suna tsibiran Maluku da ke yamma, wasu kaɗan a gabashin Ostireliya, amma babu ko ɗaya a Afirka, har a kurmin kudancin ƙasarmu. Ta fuskar asali suna da zumunci da hankaka, kuma wanda ya ji kukan manyansu ba zai yi musu ba, domin murya ce mai kaushi da ƙara, wadda ba ta dace da kyan mai ita ba.

Abin da ya bambanta wannan tsibiri da ƙasarmu shi ne ruwa da tudu. Mu nan Garwa ruwan da muke samu a shekara bai wuce wajen milimita 1,000 ba, Marwa ba ta ma kai haka ba, kuma duka a cikin wata biyar ko shida yake zuba, sannan sama ta ɗauke, ciyawa ta bushe, hunturu ya shigo da hazonsa. Can kuwa yawancin ƙasar tana samun ninki biyu ko uku na namu, akwai gindin duwatsun da ke samun fiye da milimita 7,000, kuma a mafi yawan wurare babu dogon ranin da zai sa itatuwa su kaɗe ganye. Jerin duwatsu ya ratsa tsakiyar tsibirin daga gabas zuwa yamma, mafi tsawonsu, Puncak Jaya, ya kai mita 4,884, ya ɗara Dutsen Kamaru da ɗaruruwan mitoci. Kowane iri yana da matakinsa a jikin waɗannan duwatsu, wani a fadamar bakin teku, wani a tsaka-tsaki, wani kuma can sama da mita 2,000 inda gajimare ke kwana a kan itatuwa. Kwari mai zurfi ko mashigin teku ya isa ya raba wani iri da ɗan'uwansa tsawon zamani, shi ya sa ake samun wanda duk faɗin duniya ba ya ko'ina sai a ƙananan tsibirai biyu, Waigeo da Batanta.

Wanda ya fi shahara shi ne babban tsuntsun aljanna na kudancin Niyu Gini da tsibiran Aru da ke kusa da shi. Namijin yakan kai santimita 43, ya ɗan gaza hankaka, jikinsa launin makuba, kansa ruwan ɗorawa, maƙogwaronsa kore shar mai ƙyalli, sannan daga gefen jikinsa, ƙarƙashin fukafukai, wani dogon gashi mai laushi ya zubo, ruwan ɗorawa a gindi, yana haske yana komawa fari zuwa ƙarshe, ga kuma siraran gashi biyu marasa geza da suka fito daga wutsiya suka zarce sauran. Ƙaramin cikin dangin santimita 16 ne kacal, nauyinsa wajen giram 50, ja wur a baya, fari fat a ciki, ƙafafunsa shuɗɗa, kuma kowane ɗaya daga siraran gashin wutsiyarsa biyu ya nannaɗe a ƙarshe ya zama koren ɗigo. Akwai wani na kan duwatsu da jikinsa bai wuce santimita 22 ba, amma gashi biyu da suka tsiro masa a ka sun kai santimita 50, yana kuma juya su gaba da baya yadda ya ga dama. Akwai mai farar wutsiya da ta haura mita guda, ninki uku na jikinsa, wanda sai a 1939 masana suka sa shi a littattafansu. Shi kuwa na Waigeo da Batanta sanƙo ne da shi, fatar kansa shuɗiya ce tsirara mai baƙaƙen layuka, bayansa ja, ƙeyarsa ruwan ɗorawa, ƙirjinsa kore.

Na cikin bidiyon, wanda masana ke kira Lophorina, ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin masu cewa haɗin kwamfuta ne suna da ɗan uzuri. Wani bincike da aka buga a 2018 ya gano cewa baƙin gashin wasu daga cikin waɗannan tsuntsaye yana shanye har kashi 99.95 cikin ɗari na hasken da ya faɗa masa. Ba yawan rini ba ne ya sa haka, ƙirar gashin ce: ƙananan rassansa sun miƙe sun lanƙwashe suna da ƙayoyi-ƙayoyi, ta yadda haske in ya shiga tsakaninsu sai ya yi ta karo da su har ya ƙare bai sami hanyar fita ba. Idon mutum ya saba ganin ɗan ƙyalli ko inuwa a jikin kowane baƙin abu, ko da baƙin tukunya ne, saboda haka in bai gani ba sai ya ɗauka abin ba shi da jiki, zane ne kawai. A kan wannan baƙi ne shuɗin ƙirjin tsuntsun da ɗige-ɗige biyu na kansa suke fitowa kamar suna ba da haske da kansu. Ba don mu aka yi wannan ruɗin ido ba, don macen da ke tsaye a gabansa aka yi.

Ita macen ba ta da ko ɗaya daga cikin wannan ado. A yawancin ire-iren launinta na ƙasa ne ko na busasshen ganye, wani lokaci da zane-zane a ciki, kuma wanda bai sani ba ba zai taɓa haɗa ta da mijin ba. Ƙananan maza ma da kamarta suke tasowa, kuma a manyan ire-iren sai namiji ya shekara 5 zuwa 7 kafin adonsa ya cika. A tsawon waɗannan shekaru yana zuwa wurin rawar manya, yana kallo daga gefe, in sun tashi ya hau reshen ya gwada, wani lokaci ma ɗan'uwansa matashi ne ke tsaya masa a matsayin mace. Ke nan gashin gado ne, amma ƙwarewa a rawar tana bukatar shekaru na gwaji.

Hanyar neman mace ta kasu kashi-kashi. Babban tsuntsun da danginsa na kusa taro suke yi. Alfred Wallace, Baturen Ingila da ya yi shekara takwas yana yawon bincike a waɗannan tsibirai daga 1854 zuwa 1862, ya zauna a Aru a 1857, ya kuma bayyana yadda maza goma sha biyu zuwa ashirin ke taruwa da sassafe a kan doguwar itaciya mai faɗin rassa da ƙarancin ganye. Da mace ta iso sai wurin ya kaure da kuka, kowa yana tsalle daga reshe zuwa reshe, sannan namiji ya sunkuyar da kai, ya miƙa fukafukai, ya tayar da dogon gashinsa ya zubo ta kan bayansa yana karkaɗa shi har jikin ya kusa ɓacewa a ciki. Itaciya guda takan yi shekaru da dama tana wannan aiki, kuma mafi yawan matan da suka zo namiji ɗaya ko biyu suke zaɓa, sauran su tashi a tutar babu. Wani irin kuma, mai shuɗin gashi, shi kaɗai yake nasa wasa: yakan riƙe reshe ya rataye kansa a ƙasa, ya baje gashinsa, yana wani irin ƙugi mai kama da na inji.

Wasu kuma a ƙasa suke yi, kuma su ne suka fi burge ni. Wanda ake kira Parotia, mai siraran gashi shida a ka, yakan zaɓi ɗan fili a ƙarƙashin itatuwa ya share shi tas, ya kwashe kowane ganye da tsinke, kullum yana dawowa yana gyarawa, kuma dole filin ya kasance da wani reshe a kwance a samansa inda matan za su jeru. In sun hallara sai ya rusuna, ya baje gashin gefensa ya kewaye shi ya rufe ƙafafunsa, ya riƙa takawa hagu da dama yana kaɗa kai, sannan ya tsaya cak ya walƙata ƙyallin ƙirjinsa. An daɗe ana ɗaukar hotonsa daga gefe, har sai da wasu Amurkawa biyu, Edwin Scholes da Tim Laman, waɗanda suka shekara takwas suna bin waɗannan tsuntsaye suka ɗauki hoton iri 39, suka ɗaure kyamara a sama daidai inda macen ke tsayawa. A nan aka ga cewa abin da take gani daban ne da abin da mutum ke gani daga ƙasa: baƙar da'ira ce take gani, da ɗigon haske yana wulgawa a cikinta. Sharar filin ma ba tsafta ce kawai ba, domin ganye mai launi a ƙasa zai raba hankalin mai kallo.

Mutanen Cadi sun san taron Gerewol na Fulani Woɗaɓe da ake yi bayan damina a wajajen Durbali, inda samari ke shafe sa'o'i suna kwalliya, su soka gashin jimina a ka, su jeru suna rawa suna zare ido suna nuna farin haƙori, 'yanmata kuma su ne masu zaɓe. Wanda ya taɓa ganin wannan ya riga ya fahimci rabin al'amarin. Sai dai kamannin sun tsaya a nan, domin saurayin da aka zaɓa yana da shanu da dangi da nauyi a wuyansa, shi kuwa tsuntsun da an gama barbara shi ke nan, ya koma reshensa jiran wata. Macen ita kaɗai ke gina sheƙa, ta saka ƙwai ɗaya ko biyu, ta kwanta a kai kwana 16 zuwa 22 gwargwadon irinta, ta ciyar da 'ya'yan har su tashi, uban bai san ma inda sheƙar take ba.

A nan ne maganar kurmi ta shigo, kuma ita ce zuciyar wasiƙata. Tsuntsuwa ba za ta iya renon 'ya'ya ita kaɗai ba sai inda abinci ya wadata kuma yake kusa. Kurmin Niyu Gini yana ba da 'ya'yan itatuwa kusan duk shekara, wasunsu masu maiƙo da ƙosarwa, ga ƙwari a jikin ɓawo da gansakuka. Bugu da ƙari, babu biri a tsibirin, babu kurege, waɗanda a wasu kurmuka su ne ke rigan tsuntsaye ga 'ya'yan itace. Babu kuma damisa ko wata kyanwar daji ta asali da za ta faɗa wa tsuntsun da ya shagala da rawa a ƙasa, duk da cewa akwai shaho da mesa. Da macen ta wadatu daga taimakon namiji, sai ya zama ba ta neman komai a wurinsa illa irin da zai ba 'ya'yanta, kuma ba ta da ma'aunin da za ta auna shi da shi sai abin da idonta ya gani. Wanda ya fi ado da iya rawa shi ke haifar mafi yawan 'ya'ya, 'ya'yansa maza su gaji adon, matan su gaji son adon, a haka abin ya yi ta ƙaruwa zuriya bayan zuriya. Charles Darwin, masanin halittu na Ingila, ya yi bayanin wannan a 1871, shi kuwa Wallace, wanda ya ga tsuntsayen da idonsa, bai gamsu cewa zaɓin mace na da wannan ƙarfi ba, amma binciken baya ya fi karkata ga Darwin a wannan gaɓa. Ni ban ga abin da ya saɓa wa imani a ciki ba. Allah ne Mai halitta, Shi ne kuma Ya sanya wa kowane abu sababi, kuma sanin sababin ƙara wa mutum mamaki yake yi.

Hujjar da ta fi gamsar da ni tana cikin dangin kansa. Akwai wasu daga cikinsu da ake kira manukod, baƙaƙe masu ɗan ƙyalli, waɗanda da ƙyar ake bambanta namiji da mace, suna zaman mace ɗaya namiji ɗaya, suna kuma ciyar da 'ya'ya tare. Bruce Beehler, wanda ya yi nazarin abincin waɗannan tsuntsaye ya buga sakamakonsa a 1983, ya nuna cewa su manukod ɓaure ne mafi yawan cimarsu, shi kuwa ɓaure ruwa da zaƙi ne, ba ya ƙosar da ɗan tsuntsu sai an yi ta jigila, aikin da ya fi ƙarfin uwa ita kaɗai. Dangi ɗaya, kurmi ɗaya, amma bambancin abinci ya sa wani ya zama uba mai ɗawainiya marar ado, wani kuma ya zama ɗan kwalisa marar aiki. Ba ma sai mun je nesa ba. Gauraka na fadamun Lagone, mace da namiji kamarsu ɗaya, tare suke rawa, tare suke kwanci da reno. Zalaiɗu kuwa, wanda macensa ke saka ƙwai a sheƙar wani tsuntsu ta bar masa reno, namijinsa ba shi da aiki sai jan doguwar wutsiya. Amma ƙasarmu ba ta ɗaukar wannan almubazzaranci duk shekara, shi ya sa da kaka ta wuce yake zubar da wutsiyar ya koma launin ƙasa har wata daminar.

Su kuma masu cewa ba shi da ƙafa, ba su suka fara ba, maganar ta kai shekara 500. A 1522 jirgin ruwa guda da ya kammala kewaya duniya daga cikin biyar na ayarin matuƙin nan Magellan ya koma Sifaniya da mutum 18, maƙare da kanumfari daga Maluku, tare da busassun fatun waɗannan tsuntsaye da sarkin tsibirin Bacan, wanda Musulmi ne, ya aika wa sarkin Sifaniya kyauta, aka kuma gaya wa matuƙan cewa tsuntsayen daga aljanna suke zuwa. Maharban Niyu Gini sun saba cire ƙafafu, wani lokaci har da fukafukai, kafin su busar da fatar a hayaƙi, domin gashin kawai ake so, kuma a haka fatun suka yi ta bin hannun fatake har zuwa Turai. Malaman can da ba su taɓa ganin mai rai ba suka zauna suka yanke cewa tsuntsu ne da ke shawagi a sama har ya mutu, yana shan raɓa, macen tana saka ƙwai a wani rami a bayan mijin. Har a 1758, lokacin da Linnaeus, masanin halittu na Suwidin, ya raɗa wa babban tsuntsun sunansa na ilimi, sunan da ya ba shi yana nufin marar ƙafa. Wallace ne ya kai biyu masu rai Landan a 1862, bayan ya saye su fam 100 a Singafo, kuma abin da ya ciyar da su a hanya bai yi kama da raɓar aljanna ba: ayaba ce da shinkafa da kyankyasai, waɗanda ya yi ta farauta a cikin jirgi, da suka yi ƙaranci ya tsaya a Malta ya cika gwangwanaye da su daga wani gidan burodi.

Daga nan sai ciniki ya shigo, kuma a wannan babi tarihinsu ya gogi namu. A shekarar 1884 da Jamus ta kafa tutarta a bakin tekun Kamaru, a cikinta ta kama arewa maso gabashin Niyu Gini, kuma gashin tsuntsun aljanna ya zama ɗaya daga cikin manyan hajojin da ake fitarwa daga can. Matan Turai da Amurka na wancan zamani sun ɗauki yayin sa gashin tsuntsu a hula, har ya zama ana kashe dubun dubatar waɗannan tsuntsaye kowace shekara. Yayin nan ne dai ya sa ayarin raƙuma suka riƙa ɗaukar gashin jimina daga Kano da Barno da Wadai zuwa Turabulus da Bangazi. Amurka ta hana shigo da gashin tsuntsayen daji a 1913, Ingila ta bi sahu a 1921, yayin kuma ya mutu. A tsakiyar wannan ɓarna wani attajirin Ingila, William Ingram, ya kwashi kusan 50 daga Aru a 1909 ya sake su a wani ɗan tsibiri kusa da Tobago, a can yankin Karebiyan, da niyyar ceton irin. Sun yi 'yan shekaru gommai suna lallaɓawa ba tare da sun yaɗu ba, guguwar 1963 ta yi musu mummunar illa, daga baya suka ƙare.

Abin lura shi ne duk wannan kisa bai ƙarar da ko iri guda ba a gidansu na asali. Dalilin yana cikin abin da na faɗa a baya: maharbi ba ya son mace, ba ya son ƙaramin namiji, sai wanda adonsa ya cika, wanda sau da yawa ya riga ya haifu, kuma in babu manya ƙananan na iya barbara tun kafin gashinsu ya fito. Mutanen tsibirin, masu harsuna fiye da 800 a Papuwa Niyu Gini kaɗai, sun yi dubban shekaru suna ado da gashin nan a bukukuwa, suna sa shi cikin kayan aure, suna adana shi a gada daga uba zuwa ɗa, har yau kuma ana ganinsa a manyan bukukuwan garuruwan Goroka da Mount Hagen. Tsuntsun ya jure wa kibiya ya jure wa bindiga saboda kurmin yana tsaye. Abin da ba zai jure wa ba shi ne a sare kurmin, kuma shi ake yi yanzu, don katako, da haƙar ma'adinai, da manyan gonakin kwakwar manja, itaciyar da asalinta daga wannan yanki namu na Afirka aka kai ta can. In aka sare itaciyar da ake taruwa a kanta da waɗanda ke ba da abinci, ba a bukatar a harbi ko ɗaya. Asarar kuma ta kowane ɓangare ce, domin tsuntsayen ne ke haɗiye 'ya'yan wasu itatuwan su yar da ƙwallon a nesa ya tsiro.

Saboda haka ina ba alhazanmu masu sha'awar kiwonsa shawara su haƙura. Dukan dangin suna cikin jerin yarjejeniyar CITES ta 1973 da ke tsare cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Kamaru da Cadi duk suka shiga, kuma dokokin Indunusiya da na Papuwa Niyu Gini sun ba su kariya, don haka wanda duk ya yi maka tallarsa a waya, ko dai ɗan damfara ne ko ɗan fasa-ƙwauri. Ko da ya iso da rai, tsuntsu ne da hantarsa ke tara sinadarin ƙarfe in abincinsa ya sauya, cutar da ke kashe shi, wadda manyan gidajen namun daji na duniya ma sai da abinci na musamman suke kauce mata. Ga zafin Garwa na watan Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ga busasshiyar iska. In ma ya rayu, abin da aka saye shi dominsa ba zai samu yadda ake so ba, domin rawar tana bukatar fili ko reshen da ya zaɓa, da abokan gasa, da mace mai kallo. Mun ga abin da sha'awar keji ta yi wa aku na kurmin kudu, wanda aka yi ta fitarwa daga ƙasar nan har sai da aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe a 2016.

Roƙona gare ka, Malam Edita, guda biyu ne. Na farko, duk lokacin da za ku buga hoton wata halitta mai ban mamaki, ku haɗa da sunanta da ƙasar da take da abin da take ci, domin hoton da ba shi da bayani shi ne abincin masu ƙirƙirar labari. Na biyu, ku buɗe fili ko da sau ɗaya a wata don tsuntsaye da namun dajin yankinmu. Ba za ku rasa masu ba ku bayani ba, tunda a nan Garwa akwai makarantar horar da jami'an kula da namun daji da ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama tun 1970, ga gandun Waza, ga na Binuwai, ga Zakuma a Cadi. In an buɗe filin, shawarata a fara da gauraka, a aika wakili fadamun Waza da Lagone da rani lokacin da suke taruwa, ya tambayi masunta da makiyaya yadda ambaliya ta ragu bayan gina madatsar Maga a 1979, da abin da ya sauya da aka sake buɗe wa ruwa hanya a 1994, ya kuma bincika ko nawa ake sayar da ɗan gauraka a kasuwa da su wane ne ke saye.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga unguwar Yelwa, Garwa, Kamaru.